Tsumagiyar da Na Kai wa Madam

Ba zan taɓa mantawa da waccan Talatar ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya. Mutane in suka tuna abin dariya suke yi. Ni haushi nake ji. Haushin Gambi maƙwabciyata, haushin masu lakwal, wato makarantar boko, da suka juya komai ba su aiko wa kowa da saƙo ba, sai kuma haushin kaina, wanda ya fi sauran daɗewa.

Ni ban yi lakwal ba. A zamaninmu in aka ce gardi ya shigo gari rubuta sunayen yara, rumbu ake jefa mu a rufe. Amma kada wani ya ce ban san lakwal ba. Ɗana na fari (ba na faɗin sunansa, ku ma kun san haka) ya yi ta nan Filinge a zamanin sojan farko, bayan babbar yunwa. Lokacin nan in na wuce ta bayan aji da tuluna, ko tari ba na ji. Murya ɗaya ce, ta malaminsu, wanda suke ce wa mushe. Ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya kamar masu bin liman, sannan tsit. Kuma akwai abin da suke kira sambol. Muƙamuƙin mataccen jaki ne aka ɗaura wa igiya. Yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, sai a rataya masa a wuya, a tsayar da shi gaban aji ana yi masa dariya, har sai ya kama wani ya sauke masa. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala ce rabonsa.

Sau ɗaya ɗana ya zo gida da abin nan a wuya, yana wari, ƙudaje na bin sa. Na zagaya bayan rumbu na yi kukana, na wanke ido, na fito na ce masa gata ake yi masa. To ga shi yau anfarme ne a Sanam, yana yi wa mutane allura, ana ce masa likita. Sai na ɗaure a raina cewa shiru da bulala da ƙashin jaki su suka yi shi. Shekara da shekaru ina riƙe da wannan, soja suka koma bariki, suka sake fitowa, suka sake komawa, ni ban sake ba.

Kwanci tashi ya kawo mini ɗiyarsa Zalika ta yi karatu a hannuna. Yarinya ce mai hankali, amma tana da i'ina. Kafin ta ce "Kaka" sai ta yi ka-ka-ka har ka ji tausayi, don haka ta zaɓi yin shiru. A aji ma can baya take zama, a lungu, ba ta ɗaga hannu, ba a tambayarta. Ta maimaita aji ɗaya. Shekarar da nake ba ku labari direkta, shugaban lakwal ɗin, ya kira ni ya ce in ba ta wuce ba wannan karon, sallamarta za a yi. Ubanta ya kira ni a waya ya ce, "Inna, amana ce na ba ki." Kalmar nan ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa.

Ana nan sai aka kawo musu sabuwar madam, wato malama, daga Yamai. Ni ban gan ta ba, amma na fara ganin aikinta a gidana. Yarinyar da ba ta magana ta fara tambaya. Ina tankaɗe sai na ji, "K-kaka, don mi ake shuka wake b-bayan hatsi?" Gobe kuma, "Yaya kike g-gane zangarniyar iri?" Yaro ya tsare babba da tambaya kamar ɗan sanda! Na amsa mata, amma raina bai so ba. Na ce, "Yau me aka koya muku?" Ta ce sun yi kasuwa. Wata rana ta ce sun jera benci suna kallon juna suna hira. Na ce da wane harshe? Ta ce da Faransanci, in ya ƙi su sa Hausa su ci gaba.

Hausa. A cikin aji. Kuma ba a rataya wa kowa komai ba.

A cikin kwanakin nan ne ludayina ya ɓace. Ludayin duma ne, tsoho, ya taɓa tsagewa na ɗinke shi da jan zare, kuma fura ba ta yi mini daɗi da waninsa. Na juye ɗaki ban gani ba. Da yake Gambi ce mai shigowa aron kaya ba sallama, na leƙa ta katanga na ce mata in ta gama da shi ta maido. Ta rantse, na rantse, muka yi kwana uku ba ina kwana. Rana ta huɗu ta shigo da kanta, don tana da labari kuma cikinta ba ya riƙe labari.

"Ke kina nan kina haƙilon ludayi," in ji ta, "jikarki na can ana gaɗa da ita. Na wuce ta lakwal jiya, wallahi na zaci kasuwar Baleyara aka maido nan. Kuma an ce madam ɗin ko bulala ba ta da ita."

"Ba ta da bulala?"

"Ko tsinke."

"To da mi take koyarwa?"

"Da haƙora. Dariya suke yi tun safe har a tashi."

Jama'a, jarrabawa saura wata biyu. Yarinya na bakin kora. Uba ya ce amana. Wata ƴar Yamai kuma ta zo ta mayar da ajin wurin biki. Na ji wuta tun daga tafin ƙafata har ƙeya. Amma ni mai adalci ce (haka nake ganin kaina a lokacin), na ce wataƙila baƙuwa ce ba ta san inda ake samun itacen kirki ba. Na fita bayan gari na yanko tsumagiyar geza, doguwa, mai lanƙwasa ba ta karyewa. Na zauna na fere ta, na shafe ta da man gyaɗa don ta yi laushi. Niyyata in kai mata kyauta, in ce ga kayan aiki, in ƙara da cewa in tana son muƙamuƙin jaki ma na san kwarin da ake yar da su. Wallahi har na shirya kalmomin.

Talata da hantsi na ɗaura zanen fita, na yafa mayafi, na ɓoye tsumagiya a ciki, na nufi lakwal. Tun daga bakin ƙofar shiga na ji su. Gambi ba ta yi ƙarya ba, karon farko a rayuwarta. Sauran azuzuwa shiru kamar na mutanen kirki, aji ɗaya ne a can ƙarshe ke tafasa. Ban bi ta wurin direkta ba. Na tafi kai tsaye na tsaya a bakin ƙofa.

Ga abin da idona ya gani, kuma ku yi mini shaida in ku ne me za ku ce. Kujerar madam babu kowa. An tattara bencina gungu-gungu, yara shida nan, shida can, wasu ma sun ba allo baya. A tsakiyar ɗaki yarinya ɗaya ce tsaye, ita kaɗai, da wani abu rataye a wuyanta da igiya. Bakinta a buɗe. Aji duka ana ƙyalƙyala mata dariya, har da masu buga benci.

Zalika ce.

Ban ga aji ba kuma. Ɗana na gani, da ƙudaje. Ni da na taho da shirin roƙon a dawo da sambol, na manta da wannan sarai. Ashe sambol ɗin da nake so na wuyan ɗiyan mutane ne. Kusa da ƙofa akwai wata ƙatuwar yarinya zaune a benci ta ba ni baya, da farin hijabi irin na sauran, ta fi kowa dariya, har kafaɗunta na rawa. Na ce a raina irin waɗannan ne, gandama-gandaman da suka tsufa a aji ɗaya, su ke koya wa ƙanana mugunta. Na zaro tsumagiya. Na ce, "Ke uban wa kike yi wa dariya?" Na zuba mata a gadon baya. Da ta zabura na ƙara mata ta biyu, don hannuna ya riga ya tashi.

Shirun da na zo nema, na same shi. Ko ƙuda bai gitta ba.

Yarinyar ta juyo a hankali tana dafe da baya. Na ga tabarau. Na ga alli a yatsunta, da zoben aure. Sai wani yaro ya ce da ƙaramar murya, "Madam..."

Da ina da hankali, nan zan durƙusa. Amma kunya in ta kama tsohuwa, faɗa take komawa. Na ɗaga murya na ce, "To ko madam ce! Wa ya ce ki zauna cikin yara kamar ƙanwarsu? Kuma wa ya ba ki iznin rataya wa jikata ƙashin jaki? Don tana i'ina? Allah ne ya yi ta haka!" Na taka na fizge abin daga wuyan Zalika, na ɗaga shi sama don kowa ya ga zaluncin.

Ludayi ne. Na duma. Da ɗinkin jan zare.

(Gambi, in ana karanta miki wannan, na riga na ba ki haƙuri sau ɗaya a gaban mutane, ba zan ƙara ba.)

Direkta ya shigo a guje yana tambayar lafiya. Madam ta yi masa magana da Faransanci gajeriya, ya dube ni, ya dubi tsumagiya, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Sannan ta juyo gare ni. Idonta ya yi ja da hawayen zafi, amma muryarta ba ta tashi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Inna, sannu da zuwa. Ke ce kakar Zalika."

Na ce ni ce.

"A ajin nan kowane gungu yana tattauna abu, sannan su zaɓi mutum ɗaya ya tashi ya gaya wa sauran. Wanda ludayi ke wurinsa shi ke magana, kowa ya saurara, ko ni. Na ce wani ya kawo mana abu daga gida, Zalika ta kawo wannan. Yau zancen irin shuka muke yi. Ƴan gungunta suka ce ita ta fi su sani, don kakarta ta koya mata."

"To dariyar fa?" Ban sauko ba tukuna.

"Da muryarki take ba mu, Inna. Har da riƙe ƙugu. In tana kwaikwayonki ba ta i'ina ko kaɗan." Ta ɗan motsa kafaɗa, ta cije leɓe. "Wata uku ina lallashinta ta tashi ta yi magana. Tun da ta kawo ludayin nan, kullum sai ta miƙa wa na kusa da ita. Yau ce rana ta farko da ta tashi. Bayana zai warke kafin Juma'a. Wannan fa?"

Ta nuna Zalika. Yarinyar na tsaye inda na bar ta, kanta a ƙasa, leɓenta na motsi babu sauti. Ta koma yarinyar lungu a gaban idona, kuma da hannuna. Abin da mushe ya yi wa ɗana da ƙashin jaki, ni na yi shi da ludayin fura.

Na juya zan fita. Madam ta ce, "A'a, Inna. Ludayi na hannunki. Doka ce, maganar taki ce yanzu. Zalika ba ta ƙarasa ba. Ki gaya musu yadda ake zaɓen irin hatsi."

Na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Ni da nake tara yaran unguwa in ba su tatsuniya har iyayensu su zo jan su. Ni da ake kira in an rasa mai tsawata wa matan biki. Shekara hamsin ina zaɓen iri. Na gyara mayafi, na fuskanci aji.

Ido. Ido ko'ina, ƙanana, sun fi tamanin, duka a kaina. Direkta a ƙofa. Matar da na zana tana tsaye tana jira da ladabi. Tsumagiya a hannun hagu, ludayi a dama, kamar mahaukaciyar kasuwa. Na buɗe baki na ce, "Shi ha... ha... hatsi..." Sai harshena ya manne. Na sake. "Za-zangarniya..." Yawu ya ƙafe. Na ji zufa na bin bayana har cikin zane.

Kuma ba wanda ya yi dariya. Wannan ne ya fi ci mini rai. Sun naɗe hannu suna jira, don haka aka koya musu: mai ludayi in ya tsaya, a jira shi. Ƴaƴan da na ce ba su da tarbiyya. Na tsaya nan ina jin abin da yarinyar nan ke ji kullum tun da ta fara magana, ni da nake ce mata, "Ke faɗi mana, kin tsaya kina ka-ka-ka." Ban san tsawon lokacin ba. A wurina an yi damina an yi rani.

Sai na ji ana jan ludayin daga hannuna. Ƙaramin hannu ne, mai sanyi. Na sake mata.

Zalika ta rataya shi a wuya. Ta dube ni sau ɗaya. Sannan ta kama ƙugu, ta turo haɓa gaba, ta ƙanƙance ido ɗaya (ƙarya ne, ni ba na yin haka), ta buɗe baki, sai na ji kaina ina magana daga cikin ƴar shekara goma:

"Ku saurara, ku marasa aikin yi! Iri ba a rumbu ake zaɓensa ba, a gona ake zaɓensa, tun hatsi na tsaye. Zangarniyar da ta cika har wutsiya, wadda tsuntsu bai taɓa ba, wadda ba ta da baƙin ciwo. A ɗaure ta daban, a rataye inda hayaƙi ke bugu. Wanda ya dake iri ya yi fura don baƙo, to baɗi ya je gidan baƙon ya ci!"

Ajin ya fashe. Direkta ma ya juya baya yana tari. Ni ina tsaye kamar turmi. Amma ba nan ta tsaya ba. Ta sauke hannu daga ƙugu, ta koma ƙaramar muryarta, ta juya ga Madam ta fara faɗin abin da Faransanci. Nan i'inar ta dawo. Ta tsaya a wata kalma, ta ja, ta ja. Na ji bakina zai ce "faɗi mana," na danne shi da mayafi. Aji ya jira. Wata ƴar gungunsu ta raɗa mata farkon kalmar, ta kama, ta wuce, ta kai ƙarshe. Suka tafa mata tafi uku a tare. Madam ta je allo ta rubuta kalmomin da yarinyar ta faɗa, da hannu ɗaya, ɗayan yana bayanta.

Aka matsa mini wuri a benci. Na zauna gwiwata na taɓa haɓata har aka tashi, cikin gungun Zalika, ana gardamar ko wake na ƙara wa gona ƙarfi. (Yana ƙarawa. Na so in faɗa, ba a ba ni ludayi ba.)

Da la'asar na kai wa Madam man shanu ta shafa a baya, da ƙwaryar fura. Ta karɓa, ta ce ta yafe, amma tsumagiyar ta zama tata tunda kyauta na kawo. Da ita take nuna rubutu a allo har ta bar garin. Ta kuma yanke mini tara: duk ranar da za a yi zancen noma ko na da, in zo in zauna a gungu. Na je. Da fushi nake zuwa, da fushi nake dawowa, amma ban taɓa fashi ba.

Kafin kasuwar Lahadi labari ya gama Filinge, Gambi ta tabbatar da haka. Har masu kayan miya suna ce mini, "Ansifekta, yau wane aji za a duba?" Labari ya kai Sanam. Ɗana ya kira, na tare shi da cewa ai don shi na yi, don na ga abin da bulala ta yi masa. Sai ya ce, "Inna, ni abin da na iya, a gindin itacen bedi na koye shi bayan an tashi, mu huɗu muna yi wa juna bayani da Hausa a ɓoye. Ƙashin nan har yau ina jin warinsa." Shekara talatin da wani abu bai gaya mini ba. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Yaro na tsare babba da magana?"

Zalika ta wuce aji. Ba ta zo ta ɗaya ba, kada in ƙara gishiri, tana can tsakiya, amma ba a sallame ta ba, kuma ba ta sake komawa lungu ba. Har yau ina nan a kan bakana cewa hayaniyar ta yi yawa, kuma madam ta riƙa sa hijabi mai launi don a gane ta. Ludayina kuwa ba a maido ba. An ce ya zama na gwamnati.

Abin da na koya ba shi da yawa. In kin ji hayaniya a ɗaki, ki yi sallama kafin ki ɗaga hannu, ki kuma dubi fuskar mutum kafin ki dubi bayansa. Horon da kike yi wa ɗiyan mutane fata, ki fara gwada shi a wuyan naki ki ji ko kina so.

Wadda ke rubuta mini wannan ita ce Zalikar. Sau huɗu tana katse ni tana cewa ba haka aka yi ba, wai bulala uku na yi ba biyu ba. Na ce mata ta rufe mini baki ta rubuta, yau ni ke da ludayi.